Mai Ƙiba da Siriri: Barkwancin Mutum Biyu a Farkon Zamanin Fim

 

Maganar da zan yi yau a kan wasu mutane ce da suka ci abinci da shan duka. Sana'arsu ita ce su faɗo daga kan tsani, su zame a ɓawon ayaba, a kwara musu ruwa, a dama musu kek a fuska, su tashi su kakkaɓe riga su sake. Irin wannan barkwanci na doke-doke da faɗe-faɗe, mutane da yawa suna ganinsa wasan yara ne. Ni kuwa ina ganin yana cikin ayyuka mafi wuya da aka taɓa yi a gaban kyamara, kuma waɗanda suka fi kowa iya shi su biyu ne, wani ɗan Ingila siriri da wani Ba'amurke mai ƙiba, Stan Laurel da Oliver Hardy. Abin da nake son mu duba shi ne me mutum na biyu yake ƙara wa faɗuwa, har ta zama abin da ake kallo bayan shekara kusan ɗari ana dariya.

Mu fara daga tushe. Ranar 28 ga Disamba 1895, a gidan shan gahawa na Grand Café da ke birnin Faris, 'yan'uwan nan biyu Auguste da Louis Lumière suka nuna wa jama'a gajerun fina-finai guda goma, aka biya kuɗin shiga. Yawancinsu ɗaukar rayuwa ce kawai: ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, ana ba jariri abinci. Amma akwai wani da aka shirya. Mai lambu yana ban ruwa da mesa, wani yaro ya lallaɓo ta baya ya take mesar, ruwa ya ɗauke. Mai lambu ya juyo da bakin mesa yana leƙawa, yaro ya ɗage ƙafa, ruwa ya feshe shi a fuska. Ya bi yaron da gudu, ya kamo shi, ya zane shi. Duka bai kai minti ɗaya ba. To ku cire yaron daga wannan labari. Abin da ya rage tsautsayi ne: mesa ta toshe, ta buɗe, mutum ya jiƙe. Da yaron kuwa an sami mai laifi, an sami wanda aka zalunta, an sami ramuwa. Tun a wannan rana barkwancin fim ya nuna yana buƙatar mutum biyu.

A Amurka, Mack Sennett ya kafa kamfanin Keystone a 1912, kuma jarinsa shi ne gudu. 'Yan sanda cike da mota suna bin ɓarawo, suna zubewa a kowace kwana. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, sai a juya ta a hankali wajen ɗauka, in an zo nunawa komai ya yi ta zabura. A wannan zamani an gwada haɗa mutum biyu sau da dama. Kamfanin Vitagraph ya haɗa John Bunny, ƙato mai tumbi, da Flora Finch, doguwa siririya, a matsayin miji da mata. Kamfanin Kalem yana da Ham da Bud, wato Lloyd Hamilton da Bud Duncan, dogo da gajere. Keystone ta haɗa Roscoe Arbuckle da Mabel Normand, daga baya Arbuckle ya ɗauko Buster Keaton a 1917 suka yi gajerun fina-finai goma sha huɗu tare. Can a ƙasar Denmak, daga 1921, Carl Schenstrøm da Harald Madsen, dogo da ɗan guntu, sun mamaye sinimomin Turai; Jamusawa suna kiransu Pat da Patachon, kuma sun riga Laurel da Hardy da shekara shida.

Kun lura da abin da ke maimaituwa: dogo da gajere, mai ƙiba da siriri. Dalilinsa a fili yake. Fim ba ya magana, kuma da yawa daga masu cika ƙananan sinimomin biranen Amurka baƙi ne 'yan ci-rani waɗanda Turancinsu bai nuna ba. Dole mai kallo ya bambance mutanen nan biyu daga kujerar ƙarshe, da kallo ɗaya. Sai dai bambancin jiki dariya ɗaya yake bayarwa, ta farko. Ham da Bud sun yi fim fiye da ɗari, yau in ba masu bincike ba babu mai tuna su, domin mugaye ne su biyun, babu abin da ya haɗa su sai ɓarna.

Arthur Stanley Jefferson, wanda duniya ta sani da Stan Laurel, an haife shi ranar 16 ga Yuni 1890 a garin Ulverston na arewacin Ingila. Mahaifinsa ɗan wasa ne kuma mai gudanar da gidajen wasan kwaikwayo, saboda haka a bayan labule ya tashi. Yana ɗan shekara goma sha shida ya fara hawa dandamali a Glasgow. A 1910 ya shiga ƙungiyar Fred Karno, wadda ta shahara da wasan jiki mai ƙarancin magana, kuma a wannan shekara suka ƙetara Amurka tare da wani saurayi mai suna Charlie Chaplin. Stan ne aka ajiye ya maye gurbin Chaplin in wani abu ya hana shi fitowa. Chaplin ya shiga fim ya zama tauraron duniya cikin 'yan shekaru. Stan ya yi ta laluben hanya: ya fito a fim sama da hamsin, yau mai rawar kai, gobe mai wayo, bai sami halin da ya zauna masa ba. Har ya fara haƙura da fitowa, ya koma rubuta barkwanci da ba da umarni a kamfanin Hal Roach.

Oliver Hardy kuwa ɗan jihar Jojiya ne a kudancin Amurka, an haife shi ranar 18 ga Janairu 1892. Mahaifinsa ya rasu bai cika shekara ba, mahaifiyarsa ta rene shi da aikin kula da otal. A zauren otal ɗin ya koyi zama yana nazarin mutane, yadda suke tafiya, yadda suke ɗaukar kansu. Ya yi aiki a wata sinima a garin Milledgeville yana haska fim, ya ga abin da 'yan wasan ke yi ya ce zai iya, ya tafi Jacksonville ta jihar Fulorida, ya fito a fim ɗinsa na farko a 1914. Kafin ya haɗu da Stan ya yi fim sama da 250, mafi yawa a matsayin mugu, domin girman jikinsa.

Sun fara haɗuwa a wani fim mai suna The Lucky Dog da ya fito a 1921, inda Hardy ya tare Laurel da bindiga zai yi masa fashi. Babu wanda ya ga wani abu a nan, kowa ya kama gabansa. A 1926 duk suna kamfanin Roach, Hardy ya ƙone a hannu yana gasa cinyar rago a gida, aka roƙi Stan ya shiga gurbinsa a fim ɗin da ake ɗauka. Wannan ne ya dawo da Stan gaban kyamara. Daga nan suka yi ta faɗowa cikin fim ɗaya, har wani darakta mai ido, Leo McCarey, ya lura cewa duk inda su biyun suka tsaya kusa da juna, nan dariya take taruwa. A 1927 aka fara tallata su a matsayin abokan tafiya. A wannan shekara aka yi musu aski ƙwal don su fito a fursunoni. Da gashin Stan ya fara tsirowa sai ya miƙe tsaye ya ƙi kwanciya, duk wanda ya gan shi sai ya yi dariya, shi ke nan aka bar shi haka.

Babban abin da McCarey da Laurel suka yi shi ne suka taka wa barkwanci birki. Kowa yana gudu, su suka tsaya. Kuma tsayawar ce ta ba mu damar ganin ko su wane ne.

A al'adar 'yan barkwanci biyu, ɗaya mai hankali ne, ɗaya wawa. A nan kuwa duka biyun wawaye ne, sai dai Ollie, wato Hardy, bai sani ba. Stan yaro ne a jikin babba. In aka yi masa tambaya sai ya ɗaga malafa ya sosa tsakiyar kai, in ya rikice sai ya ɓare baki ya fashe da kuka, wani lokaci ya kawo shawara mai ma'ana, a ce ya maimaita, ya dagula ta. Ollie yana ganin kansa dattijon arziki ne, mai ladabi irin na manyan kudancin Amurka. Yana gabatar da kansa da abokinsa ga baƙi cikin girmamawa, yana sa hannu a takarda kamar mai rattaba yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, in ya ji kunya a gaban mace sai ya kama tayen wuyansa yana kaɗawa da yatsu. In za su shiga ƙofa sai ya ture Stan gefe, ya nuna kansa, shi ne babba, shi zai fara shiga. Saboda haka bokitin da ke saman ƙofa shi yake samu. A fim ɗin Way Out West na 1937 suna ƙetare wani rafi marar zurfi, Stan ya wuce lafiya, Ollie ya taka rami ya nutse har malafa. Girman da yake nema shi ne yake kai shi inda duka yake.

Ku dubi tufafinsu. Baƙar malafa, kwat, kwala mai tauri, kayan ma'aikacin banki ne, amma duk sun tsufa, na Ollie sun matse, na Stan sun yi yawa. Talakawa ne masu riƙe da guntun mutunci. A fim ɗin Below Zero na 1930 suna kiɗa a bakin titi cikin ƙanƙara. A One Good Turn na 1931 suna ƙwanƙwasa ƙofa suna roƙon abinci. Wannan lokaci ne da tattalin arzikin Amurka ya karye, miliyoyin mutane suka rasa aiki, kuma da yawa daga masu kallo sun san wannan kwat ɗin, a jikinsu yake.

Sai kuma abin da na fi so a duk aikinsu. In bulo ya faɗo wa Ollie a ka, ba ya ihu ya zabura. Yana zaune a cikin tarkace, ya jira bulo na ƙarshe ya sauko, sannan ya juyo ya kalli kyamara, wato ya kalle mu, ido cikin ido, ya sauke numfashi. Kallon yana cewa: kun dai gani, ku ne shaiduna. Da wannan kallo ya jawo mai kallo cikin rigimar, ya zama alƙali tsakaninsu. Kuma alƙalin ya san abin da mai ƙara bai sani ba, cewa rabin laifin nasa ne.

Bari in ba ku labarin fim ɗaya daki-daki, Big Business na 1929, marar magana, bai kai minti ashirin ba. Stan da Ollie suna yawo gida-gida a wata tsohuwar mota ƙirar Ford suna tallar bishiyar Kirsimeti, cikin ranar Kalifoniya. Suka isa gidan wani mai sanƙo da gashin baki, James Finlayson, ɗan ƙasar Sikotlan wanda ya fito a fina-finansu sama da talatin. Ya ce ba ya so, ya rufe ƙofa. Reshen bishiya ya maƙale a ƙofar. Suka danna ƙararrawa, ya buɗe, suka cire, ya rufe, sai rigar Stan ta maƙale. Suka sake dannawa. Babu wanda ya yi niyyar sharri, amma mai gida ya cika ya batse. Stan ya ce ya sami dabara, ya koma ya tambaye shi ko zai sa a ajiye masa ta baɗi. Mai gida ya shiga ciki ya fito da almakashin lambu ya yi wa bishiyar gunduwa-gunduwa.

Daga nan aka shiga ramuwar gayya, kuma tsarinta ne abin koyo. Stan ya zaro wuƙa ya kankare jikin ƙofa. Mai gida yana tsaye yana kallo, bai hana ba. Da aka gama, ya tako ya lalata wani abu nasu. Su ma suna tsaye suna kallo. Kowa yana jiran layinsa kamar akwai doka. Ya koma kan motarsu, ya cire fitila, ya ɓalle sitiyari. Suka koma kan gidansa, suka tuge furanni, suka farfasa tagogi, Stan yana wurgo tukwanen ado ta taga Ollie yana tare su da shebur, har piyano suka fito da shi suka ragargaza. Maƙwabta sun taru, ga ɗan sanda a gefe yana rubutu a ɗan littafinsa, mamaki ya hana shi motsi. Da a ƙarshe ya tambayi wanda ya fara, sai kowa ya fashe da kuka, har shi ɗan sandan. Aka yi sulhu, Stan ya ba mai gida taba ta ban-haƙuri. Ɗan sanda ya waiwayo ya kama su suna dariya, ya bi su da gudu. Mai gida ya zauna a kangon gidansa ya kunna tabar, ta fashe masa a fuska.

Me ya sa wanda za a yi wa ɓarna yake tsayawa yana kallo? Domin girman kai. Gudu ko karewa alamar tsoro ce, kuma kowa yana ganin shi ke da gaskiya, yana tara hujja. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar maƙwabta a kan magudanar ruwa ta kai gaban alƙali ya san wannan hali. Fim ɗin ya ɗauki halin ya bi shi mataki-mataki har inda zai iya kaiwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Haka suka yi a The Battle of the Century na 1927, inda aka yi jifa da kek mai kirim sama da 3,000. A lokacin jifa da kek ya riga ya tsufa, amma suka tsara shi yadda kowane kek yana da dalili: an nufi wane, ya sunkuya, ya sami wani da ba ruwansa, shi ma ya tako cikin natsuwa ya ɗauki nasa, har titi ya cika.

Fim na biyu da zan ba ku labarinsa shi ne The Music Box na 1932, wanda ya ci lambar Oska ta gajeren fim na barkwanci. Labarin layi ɗaya ne: an ba su piyano su kai wani gida da ke saman tudu, ga matakala sama da 130. Matakalar gaske ce, tana nan har yau a unguwar Silver Lake ta birnin Los Angeles, mutane suna zuwa ganinta. Suna hawa, piyano yana kuɓucewa yana gangarowa har titi, wayoyinsa suna kuka, wani lokaci yana jan Ollie a ƙasa. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai shi sama, sai mai raba wasiƙu ya ce musu ai da ba su wahala ba, akwai hanyar mota da ta zagayo har ƙofar gidan. Suka kalli juna. Suka ɗauki piyano suka sauko da shi har ƙasa, suka ɗora a keken dokinsu, suka zagayo ta hanyar. A nan babu wanda zai ɗora wa wani laifi, shawara ce suka yanke tare cikin gamsuwa. Wauta ce mai tsari, irin ta mai son ya yi aiki yadda ya kamata.

Akwai tambayar da ya kamata mu yi: me ya sa ba ma jin tausayi ya hana mu dariya, ko mu ji haushin Ollie da ke tsangwamar abokinsa? A ganina domin mun tabbata ba za su rabu ba. Mu nan mun san wannan a wasan taubasai, ko tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi: ana gasa wa juna magana mai zafi, kowa yana dariya, saboda zumuncin da ke ƙasa ba ya motsi. Ollie zai ce Stan ya sake jefa shi cikin masifa, amma in wani na waje ya taɓa Stan, shi ne farkon mai tare masa. A Helpmates na 1932, Stan ya zo taya shi gyaran gida kafin matarsa ta dawo daga tafiya, ya ƙare da ƙone gidan ƙurmus. Ollie ya zauna a kujera cikin toka, babu rufi babu bango sai ƙyauren ƙofa, ya roƙi Stan cikin ladabi ya rufe masa ƙofar in zai fita. Babu mai kallon da ke shakkar gobe za a gan su tare.

Yanzu ga 'yan'uwa masu sana'ar fim, ga yadda ake ƙera abin. A fim Ollie ne shugaba, a bayan kyamara kuwa Stan ne. Shi ke zama da marubuta, shi ke kwana a ɗakin tace fim, kuma albashinsa ya fi na Hardy. Hardy bai taɓa jayayya da haka ba, in an tashi aiki filin golf yake nufa. Stan yana son a ɗauki fim bi da bi, daga farko zuwa ƙarshe, domin in wata dabara ta faɗo a tsakiya a iya gina sauran a kanta. Yana son haske ya baje ko'ina ba inuwa, a shafa masa farar hoda, fuskarsa ta fito fayau ba alamar tunani. In sun gama, sai su kai fim ɗin wata sinima ba sanarwa, su zauna cikin jama'a suna ƙirga dariya da tsawonta, su dawo su sake yanka. Inda dariya ta yi tsawo sai a ƙara tsawon kallon nan na Ollie, don kada ta danne abin da ke tafe. Wannan ya sa in ka kalli fina-finansu kai kaɗai a waya za ka ji kamar akwai gurabe. Guraben na dariyar zaure ne, da taron jama'a aka auna su.

Da magana ta shigo fim daga 1927, manyan 'yan barkwanci da yawa sun tuntuɓe. Su kuwa sun ƙetare lafiya a 1929, domin muryoyinsu sun dace da jikinsu: ta Stan siririya mai karin arewacin Ingila, ta Ollie mai taushi da daɗin waƙa. Kuma sun gane da wuri cewa sauti kayan aiki ne. A fim ɗinsu na farko mai magana, Stan ya faɗo daga bene ba a nuna faɗuwar ba, ƙarar kawai aka ji, mai kallo ya zana sauran a ransa. Don kada su rasa kasuwar waje, a 1930 da 1931 sun riƙa sake ɗaukar fim ɗaya da Sifaniyanci, Faransanci, Jamusanci ko Italiyanci, suna karanta kalmomin daga allo yadda ake furta su, ba tare da sun san harshen ba. Gurɓataccen lafazin ya ƙara musu farin jini, har a Italiya masu ɗora murya, cikinsu da Alberto Sordi wanda ya yi muryar Hardy, suka ci gaba da kwaikwayon lafazin da gangan. Kowace ƙasa ta raɗa musu suna: masu Sifaniyanci suna cewa El Gordo y el Flaco, wato mai ƙiba da siriri, Italiyawa Stanlio da Ollio, 'yan Folan Flip da Flap.

Hal Roach ya nemi ya sami irinsu a mata. Ya gwada Anita Garvin da Marion Byron, sannan Thelma Todd da ZaSu Pitts daga 1931, sannan Todd da Patsy Kelly har rasuwar Todd a 1935. Akwai gwaninta a ciki, musamman A Pair of Tights na 1929, kuma sun cancanci a tuna da su fiye da yadda ake yi. Dole kuma in faɗi abin da ba ya min daɗi. A yawancin fina-finan Laurel da Hardy matar aure masifaffiya ce, mai jifa da kwanuka, wani lokaci da bindiga a hannu. A Pardon Us na 1931 sun shafa baƙi a fuska sun ɓuya cikin baƙaƙen fata masu tsinkar auduga, al'adar da ta ginu a kan raina baƙar fata. Wanda zai koya daga gare su ya koyi tsari da auna lokaci, ya bar musu wannan.

Ƙarshen aikinsu darasi ne a kan wanda ke riƙe da wuƙa da nama. Roach ya ba su 'yancin aiki, amma ya riƙe su da kwantiragi daban-daban masu ƙarewa a lokuta daban-daban, don kada su haɗa kai su yi ciniki. A 1940 suka bar shi, suka yi fim shida a kamfanin Fox da biyu a MGM. A can aka miƙa musu rubutaccen labari aka ce su bi, aka hana Stan ɗakin tacewa, aka canja masa kwalliya har tsufansa ya fito. A lokacin Bud Abbott da Lou Costello ne ke tashe, tun fim ɗinsu Buck Privates na 1941, da barkwancin baki mai sauri, ɗaya mai wayo yana damfarar ɗaya. Aka nemi a cusa Laurel da Hardy cikin wannan riga, ba ta shige su ba. Fim ɗinsu na ƙarshe, Atoll K, an yi shi a Faransa ya fito a 1951, Stan yana fama da ciwo a lokacin, kuma ana gani a fuskarsa. Jimillar fina-finan da suka fito tare 107.

Abin da ya rage musu shi ne dandamali. Sun zagaya Birtaniya a 1947, da 1952, da 1953 zuwa 1954, kuma a waɗannan tafiye-tafiye na jirgin ƙasa da otal ne suka shaƙu sosai, domin a shekarun Holiwud kowa harkarsa yake in an tashi aiki. A watan Satumba 1953 jirgin ruwansu ya tsaya a garin Cobh na ƙasar Ailan, jama'a suka cika bakin ruwa, ƙararrawar babbar majami'ar garin ta buga kiɗan da ake buɗe fina-finansu da shi, su biyun suka yi kuka. Wasansu na ƙarshe a Plymouth ne a watan Mayu 1954, inda ciwon zuciya ya kama Hardy. Ya rasu ranar 7 ga Agusta 1957. Stan ya rayu shekara bakwai da 'yan watanni bayansa, bai sake fitowa a fim ko dandamali ba, duk da tayin da aka yi ta yi masa. Yana zaune a wani ɗan gida a Santa Monica, lambar wayarsa tana cikin littafin waya na kowa da kowa, yana amsa wasiƙun masoya da hannunsa, yana karɓar matasan 'yan barkwanci irin su Dick Van Dyke da Jerry Lewis masu zuwa neman shawara. An ba shi lambar Oska ta girmamawa a 1961, ya rasu ranar 23 ga Fabrairu 1965.

Ba duk aikin wannan zamani ne ya iso gare mu ba. Zaren fim na lokacin yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi, kuma kamfanoni ba su ga amfanin ajiye fim marar magana ba bayan magana ta zo. Wani bincike da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Laurel da Hardy sun yi sa'a, yawancin nasu suna nan, amma Hats Off na 1927, wanda a cikinsa suka hau doguwar matakala da injin wanki shekara biyar kafin piyano, har yau ba a gan shi ba. Rabin The Battle of the Century ma ya yi shekaru da dama a ɓace, sai a 2015 aka tsinci kashi na biyu a cikin kayan wani mai tara tsofaffin fina-finai, aka gyara shi, yanzu ana iya ganin jifan kek ɗin cikakke.

Ga ɗalibai da ke son su fara, ku fara da Big Business, tunda ba ya buƙatar Turanci, sai Two Tars na 1928, sai The Music Box, sannan Sons of the Desert na 1933 in kuna son dogo. Ku nemi majigi ku kalla a zaure, ku da yawa. A kallo na biyu ku riƙe agogo, ku auna daƙiƙa nawa ke tsakanin lokacin da kuka hango abin da zai sami Ollie da lokacin da ya same shi.